Muhawara: Shin ɗakin gwaji na da hurumin yanke wa maganin Ayurveda hukunci?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ƙanwar maigidana ta raka surukarta asibiti a Indiya, da za ta dawo sai ta taho wa Innarmu da maganin ciwon gwiwa. Ƙwayoyi ne baƙi-baƙi, girmansu bai wuce ƙwayar wake ba, suna ɗan ƙamshin ƙaro. A jikin kwalbar an rubuta Mahayograj Guggulu. Wata biyu ke nan tana sha safe da yamma, kuma ta ce gwiwar ta lafa, har ta bar yin salla a kan kujera. Jiya ɗan yayata ya ga kwalbar, ya ce a dakatar, wai an taɓa gwada irin waɗannan magunguna a Amurka an samu dalma a ciki. Na kwana ban runtsa ba.

Alhaji Mai Leshi: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki. Shekara goma sha ina zuwa Surat da Mumbai sarin kaya, na ga yadda mutanen can suka riƙe maganinsu. Abin da aka shafe shekaru dubbai ana sha, ba wani mai farar riga ne zai zo yau ya ce guba ba ne. Kishi ne kawai na kamfanonin Turai, sun ga kasuwa na neman suɓuce musu. Ni ra'ayina, na'urar Bature ba ta da hurumin auna maganin da ba a kan iliminta aka gina shi ba. Tunda Inna ta samu sauƙi, ai magana ta ƙare.

Malamin Kimiyya: Alhaji, Allah ya ƙara girma, a nan ban bi ka ba. Yaron nan ba shaci-faɗi ya yi ba. A 2003 wani likita a Boston, Robert Saper, shi da abokan aikinsa suka bi shagunan da ke kewayen birnin suka sayo magungunan Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, iri 70 da aka haɗa a Kudancin Asiya. Guda 14 aka samu da dalma ko zaiba ko asinik, wato ɗaya cikin biyar. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, ita ta buga sakamakon a 2004. A 2005 suka sake, wannan karon ta intanet suka yi oda, suka gwada 193, aka buga sakamakon a 2008. Abin ya sake tsayawa a kashi 20.7 cikin 100.

Ga abin da nake so Alhaji ya duba. A gwaji na biyun, waɗanda aka haɗa a Amurka kashi 21.7 ne ke da ƙarfen, na Indiya kashi 19.5. Wanda ya fito ɓata kasuwar Indiya ba zai buga takardar da ta nuna na ƙasarsa ma haka suke ba.

Alhaji Mai Leshi: To ai ka ba ni hujja da bakinka, Malam. Huɗu cikin biyar lafiyarsu ƙalau.

Malamin Kimiyya: Haka ne, kuma ba na ɓoye wannan. Amma Maman Hanifa kwalba ɗaya ce a hannunta. Ta yaya za ta san a wane kashi tata take?

Ɗalibin Haɗa Magani: Iyayena ku ba ni dama in sa baki, a Indiya nake karatu kuma mun taɓa wannan a aji. Ayurveda ba ganye kaɗai ba ne. Akwai reshe guda da ake kira rasa shastra, wanda da gangan ake sa ƙarfe da ma'adinai: zaiba, dalma, kuza, zinariya, baƙin ƙarfe. Ba kuskure ba ne, haka littattafansu suka tsara.

Da farko ana yin abin da suke kira shodhana, wato tsarkakewa. A gasa ƙarfen a tsoma shi a man riɗi, a sake gasawa a tsoma a tsala, sannan fitsarin saniya, sannan ruwan tsami na hatsi, sannan ruwan wani irin wake da aka dafa, kowanne sau bakwai. Bayan nan a niƙa shi da ruwan ganye, a cura ƙanana kamar ƙuli-ƙuli, a rufe cikin kasko biyu a liƙe bakin da laka, a binne cikin busasshen kashin shanu a cinna wuta. A maimaita, a maimaita, har ya koma toka. Tokar nan ita ce bhasma. Ta dalma sunanta naga bhasma.

Suna ma da nasu gwajin na da. A barbaɗa tokar a kan ruwa, in ta yi kyau za ta tsaya a sama. A murza tsakanin yatsu, ta shige cikin zanen fata. A duba a rana, kada a ga ƙyalli ko kaɗan. Na kawo wannan ne saboda maganar Alhaji: su masu maganin tun asali sun yarda cewa dole a gwada kafin a ba mutum.

Anti Maman Hanifa, na Inna kuwa, a tsarinsa na littafi Mahayograj Guggulu yana cikin masu bhasma, har da ta dalma. Yograj Guggulu, wanda babu "maha" a gabansa, shi ne na tsirrai. A gwajin 2008 ɗin nan, na rasa shastra kashi 40.6 ne aka samu da ƙarfe, sauran kashi 17.1.

Maman Hanifa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ganye muka ɗauka.

Alhaji Mai Leshi: Ɗana, ai kai ma ka faɗa, an tsarkake shi. Gishirin da muke ci ma an ce in aka raba sinadaransa kowanne guba ne. Na'ura ta ce akwai zaiba, amma ta faɗa maka wace irin zaiba ce?

Malamin Kimiyya: Wannan tambayar taka tana da nauyi, Alhaji, kuma ba zan kauce mata ba. Na'urar da Saper ya yi aiki da ita haske take harbawa a kan samfurin, kowane ƙarfe ya mayar da nasa hasken, ta ƙirga yawansa. Jimilla take bayarwa, ba ta faɗin da me ƙarfen ya haɗu. Gaskiya ne kuma zaibar da aka niƙa da farar wuta har ta yi baƙi, wadda suke kira kajjali, hanji ba ya tsotsarta kamar yadda yake tsotsar irin zaibar da ke taruwa a jikin kifi. Masu kare Ayurveda suna kafa hujja da wannan, kuma ba hujjar banza ba ce.

Inda muka rabu shi ne wuta ba ta mayar da dalma wani abu daban. Ko sau ɗari aka ƙona ta, dalma ce, sai dai ta sauya abokin haɗi. Kuma iya tsayawa a kan ruwa laushin gari kawai yake nunawa. Garin da ya fi laushi ma ruwan tsamin ciki ya fi saurin narkar da shi. Don haka tambayar da za ta raba gardama ita ce: bayan an sha, ana ganinta a jini ko ba a gani?

Likitar Mata: Ana gani, Malam. A 2004 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutum 12 a jihohi biyar da suka kamu da gubar dalma tsakanin 2000 da 2003, dukkansu masu shan maganin Ayurveda. A 2012 ta sake fitar da na mata shida masu juna biyu a New York. Wannan shi ya fi taɓa ni. Jiki na ɗaukar dalma kamar sinadarin ƙashi ne, ya ajiye ta a ƙashi shekara da shekaru. Idan mace ta samu ciki, ƙashin ya fara saki don gina ɗan tayi, sai dalmar ta biyo ta ratsa mabiyiya.

Mu ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 mun ga abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba ina cewa ƙwayar Inna ta kai wancan ba, ko kusa. Ina cewa ne dalma ba ta sallama. A babba takan fara da ciwon ciki, taurin bayan gida, kasala, ƙarancin jini, hawan jini, a hankali ta taɓa ƙoda. Duk abubuwan da in tsohuwa ta yi ƙorafinsu sai a ce tsufa ne.

Alhaji, sauƙin gwiwa gaskiya ne, ban ƙaryata Inna ba. Magani na iya rage zafi a gwiwa yana kuma tara wani abu a jini lokaci guda.

Baba Mai Magani: Ni shekarata arba'in ina haƙa saiwa da sassaƙe, daga mahaifina na gada. Abin da ke ci mini rai, duk sanda aka ambaci ɗakin gwaji, to laifinmu aka je nema. Ban taɓa jin an ce an gwada an samu alheri ba.

Ɗalibin Haɗa Magani: Baba, ranka ya daɗe, an samu. Akwai wata saiwa da Indiyawa ke kira sarpagandha, tun da can suna ba mai taɓin hankali da mai rashin barci. A 1949 wani likitan zuciya a Bombay, Rustom Jal Vakil, ya buga sakamakon gwajinsa a kan masu hawan jini a wata mujallar Ingila. A 1952 masana a kamfanin CIBA na Suwizalan suka ciro sinadarin da ke aikin, reserpine, ya zama cikin magungunan farko da duniya ta samu na hawan jini. Ɗakin gwajin ne ya ɗaga darajar saiwar. Shi ne kuma ya taimaka aka san adadin da ya dace, da illar da take iya jawowa kamar ciwon damuwa.

Kuma Baba, akwai inda ilimin irinku ake nema. Lokacin korona mutanen Indiya sun yi ta shan wata kurangar da suke kira giloy. A 2021 likitoci a Mumbai suka ba da rahoton mutum shida da hantarsu ta taɓu. Ma'aikatar AYUSH, mai kula da magungunan gargajiya a Indiya, ta musanta, ta ce mai yiwuwa an rikita ta ne da wata 'yar'uwarta mai kama da ita, wadda aka san tana cutar da hanta. Har yanzu ana jayayya. Amma ka ga duka ɓangarorin biyu tambaya ɗaya suka koma: wane tsiro ne ainihi a cikin kwalbar?

Baba Mai Magani: Wannan kam gaskiya ne ɗana. Sassaƙe in ya bushe aka daka, ko ni sai na ɗanɗana, wani lokacin ma in yi shakka. Na taɓa sayen buhun garin magani a hannun wani dillali, da na jiƙa sai yashi ya kwanta a gindin kwano kusan yatsa guda. Ban sake sayen dakakke ba. In akwai na'urar da za ta kama irin wannan ha'incin, ba ni da faɗa da ita. Faɗana da mai raina sana'ar ne.

Alhaji Mai Leshi: Duk na ji. Amma har yanzu Amurka, Amurka kuke ta kirawa. Su masu abin me suka ce?

Ɗalibin Haɗa Magani: Su ma gwadawa suke yi, Alhaji. Tun 2014 Indiya ta mayar da AYUSH cikakkiyar ma'aikata. Suna da kundin ƙa'idojin magungunan Ayurveda na gwamnati, wanda ya fayyace kamannin kowane tsiro, yawan tokar da ya kamata ya bari in an ƙona shi, da zanen da sinadaransa ke fitarwa a farantin gwaji, kamar zanen yatsa. Daga 2006 suka wajabta gwajin dalma, zaiba, asinik da kadmiyam ga magungunan tsirrai zalla da za a fitar waje. Sai dai wannan sharaɗin na kayan fitarwa ne, ita kuwa kwalbar Inna a kasuwar cikin gida aka saye ta aka sako a jaka. Dokarsu kuma ta ce duk maganin da ke da sinadari daga jerin masu guba, a rubuta gargaɗi a jikinsa da Turanci da Hindi cewa a sha shi ƙarƙashin kulawar likita. Anti, ki juya kwalbar ki duba.

Maman Hanifa: Na sa an turo mini hoton bayanta. Akwai shi, da ƙananan haruffa can ƙasa kusa da ranar lalacewa. Ba wanda ya lura a cikinmu.

Alhaji Mai Leshi: To wannan kam su da kansu suka rubuta, ba ni da ta cewa a kai. Amma ban janye duka ba. Ni garin triphala nake sha, 'ya'yan itace uku ne kawai, kuma ban ga dalilin da zai sa laifin tokar dalma ya shafe shi ba. In na koma zan nemi takardar gwaji a wurin mai sayar mini.

Malamin Kimiyya: Ka tabbata lambar da ke kan takardar ta yi daidai da lambar rukunin da ke jikin gwangwaninka, Alhaji. Tsiro na iya ɗaukar dalma daga ƙasar da ya tsiro ko daga injin niƙa, shi ya sa na bara ba ya tsaya wa na bana.

Maman Hanifa: Likita, yanzu me zan yi? Inna ba za ta so a raba ta da shi ba, ta daɗe tana kukan gwiwar nan.

Likitar Mata: Ki je da kanki, Hajiya, kada ki aika. Ki gaya mata ba a ce maganin bai yi aiki ba, jininta ake so a duba tukuna. A dakatar da shan daga yau. Ku je asibitin koyarwa mafi kusa da ku, ki ce ana son gwajin yawan dalma a jini, da na ƙarancin jini da na ƙoda, domin ƙananan ɗakunan gwaji ba kasafai suke yin na dalma ba. Ki tafi da kwalbar da sauran ƙwayoyin, kada a zubar, likitan zai so ya ga sunan da adadin da ta sha. A wannan zuwan kuma ki sa a duba gwiwar sosai a ba ta abin da zai riƙe ta, don kada ta koma kan kujera. In akwai mai ciki ko ƙaramin yaro a gidan da ya taɓa sha, a tafi da shi.