'Yan talla da 'yan damfara sun addabi guruf ɗin unguwarmu, ya zan yi?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Ni ne admin a guruf ɗin unguwarmu na WhatsApp, don sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da maganar gyaran taransifoma aka buɗe shi, amma yanzu sai ka tashi da asuba ka tarar wata baƙuwar lamba ta shigo ta zuba link, wai gwamnati na rabon tallafi a cike fom, ko a zuba dubu goma a kwashi hamsin. Ina cire ɗaya wani na shigowa. Akwai dattawa a ciki, duk abin da suka gani ɗauka suke mu muka tantance, wannan ne ya fi damuna.

Mai gyaran waya a PZ:
Wa'alaikumus salam. Malam link ɗin gayyatarku ne ya yi yawo. Shiga saitin guruf ka sake sabo, tsohon zai mutu nan take, sai ka kunna wajen da sai admin ya amince kafin mutum ya shiga, tun 2023 aka kawo shi. Ka kuma hana membobi saka mutane da kansu.

Hajiya daga Samaru:
Ƙanena duk wannan daidai ne amma bai isa ba, mu ta cikin gida aka shigo mana a guruf ɗin adashi. Wani ne ya kira wata baiwar Allah da Hausarsa tas, har da gaisuwar iyali, wai za a yi mitin ta intanet an turo mata lambobi 6 ta karanto masa ya saka sunanta, tana karantawa ya ƙwace WhatsApp ɗinta, kafin la'asar yana ta bin mata ɗaya bayan ɗaya da hotonta da sunanta wai ɗanta na asibiti a ranta mata kuɗi, kuma wallahi an tura. Kowa ya saka fin na tsaro na biyu, wato lambar sirrin da mutum ke zaɓa da kansa a saitin WhatsApp, kuma duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce a kira shi a ji muryarsa tukuna. Sanarwar ma da murya za ka yi ta, iyayenmu da yawa ba sa tsayawa karanta dogon rubutu.

Bazazzagi:
Mu dokarmu ba mai shiga sai wani ya tsaya masa, in ya yi ɓarna a fitar da su tare. Masu tallan riɓanya kuɗi kuwa ko ɗan gida ne ba gargaɗi, mun ga MMM a 2016 mun ga CBEX a 2025. Tes na talla da kamfanonin layi ke turowa kuma a tura STOP zuwa 2442, amma fa wannan ba ya tare ɗan damfara.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake link ɗin yanzu. Hajiya maganar fin ɗin nan zan roƙi liman ya ba ni minti biyar bayan Magariba, dattawan su fito da wayoyinsu in saka musu da hannuna.