Tudun da muke bi zuwa makaranta, ashe layin dogo ne?

Jikan Lebura:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga dattawanmu ce, musamman na tsakanin Dutsen Wai da Rahama. Na shiga firamare a 1978. Daga ƙauyenmu zuwa makaranta tafiyar kusan awa guda ce, kuma wani dogon tudu muke bi, miƙe sambal kamar an ja zare. Da damina fadama takan cika dama da hagu, amma mu ƙafarmu ba ta taɓa ruwa. Akwai wata kwalbati ta dutse da muke fakewa a cikinta idan hadari ya tare mu, mu cusa littattafai a cikin riga. Kakata "hanyar dogo" take kiran wurin, ta ce kakana lebura ne cikin masu gyaran layin. Ni kuwa ban taɓa ganin ko guntun ƙarfe a kai ba. Bara da na je gida na tarar masu babur da masu amalanke ne ke binsa, an kuma noma wani sashe har ya shafe. Abin ya dame ni, don 'ya'yana ba su ma san da shi ba. Wane jirgi ne ya bi nan, yaushe aka daina? Kuma ko don jirgin aka kafa makarantarmu a gefen layin?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Kakarka ta yi gaskiya. Ƙaramin layin dogo ne daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, Turawa suka shimfiɗa shi don kwaso kuza. Ya isa Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914, tsawonsa wajen kilomita 230. Siriri ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne. Saboda haka duk kayan da ya sauko da su sai an sauke a Zariya an sake lodawa a babban jirgi. Kafin zuwansa, a ka ake ɗauko kuzar. Abin da ya karya shi shi ne layin da ya taso daga Kafanchan ya shiga Jos a 1927, wanda ya haɗa masu haƙar kuza da Fatakwal kai tsaye. Daga nan ya ci gaba da jan jiki da fasinja da kayan gona, motoci kuma suna ƙaruwa, har aka rufe shi a 1957 aka kwashe ƙarafan.

'Yar Gangare:
Ni a Jos na tashi, kuma tun muna yara muke ganin ƙananan kawunan jirgi da taragai da aka ajiye a harabar gidan tarihi. Na wannan layin ne. Ka kai yaranka su gani da idonsu, yayana. Amma Malam Bazazzagi, na ji ana ce masa jirgin Bauchi, ko ya taɓa zuwa can?

Bazazzagi:
Bai taɓa ba, 'yar'uwa. A lokacin tsaunukan Jos a cikin lardin Bauchi suke, shi ya sa aka laƙaba masa sunan.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, tambayarka ta biyu ce ta sa na sa baki, don shekara 31 na yi ina riƙe da alli a ƙauyuka. Ba na jin jirgi ne ya kawo makarantarku. Lissafa ka gani: an rufe layin a 1957, ilimin firamare kyauta ga kowa kuwa, wato UPE, a 1976 aka fara shi zamanin Obasanjo. Yawancin makarantun ƙananan ƙauyukanmu a wannan guguwar aka haife su. Kafin nan, elemantare ta En'e sai garin hakimi ko babban gari, kuma a kan dole ake kai yara. Akan ce wa dagaci ya kawo yaro kaza, iyaye su yi ta ɓoye nasu a rumbu ko a tura su wajen dangi.

Da UPE ta zo, yara suka fi ƙarfin azuzuwa. Ni da kaina na koyar a gindin tsamiya, allo jingine da itace, yara a kan duwatsu. Daga baya mutanen gari suka yi aikin gayya suka tayar da aji biyu na ƙasa, kafin a kawo kwano. In an zo zaɓen fili, abin da muke dubawa shi ne inda yaran ƙauyuka uku ko huɗu za su iya isowa da damina ba tare da sun tsallaka rafi ba. Na san yadda zuciyar malami take tsinkewa idan rafi ya kawo yara kuma ba su iso ba. Wanda ya shimfiɗa dogo ya riga ya yi ciko a fadama ya gina kwalbatoci, to ina za a sami hanyar da ta fi wannan? Zatona ke nan game da taku.

In kana son tabbaci, je wurin hedimasta na yanzu ka roƙi ya nuna maka logbuk da rajistar shiga ta farko. A shafin farko akan rubuta ranar buɗewa, da yawan yara, wani lokaci har da wanda ya ba da filin. Ka yi sauri, don na ga irin waɗannan littattafai da gara ta cinye a cikin kabad, na kuma yi baƙin ciki ƙwarai.

Jikan Lebura:
Allah ya saka da alheri, Baba, ya ƙara lafiya. Na gode Malam Bazazzagi da ƙanwata. Da hutun Sallah zan je gida in sha Allahu, zan nemi logbuk ɗin in ɗauki hoton kowane shafi. Akwai kuma wani tsoho a unguwarmu da ya ce ya hau jirgin zuwa Zariya yana yaro tare da mahaifinsa. Zan tafi masa da goro, in zauna da shi in naɗi muryarsa a waya.