Muhawara: ɗora wa injin 1HZ turbo kashe shi ne?

Usta Haruna, Kasala: Salamu alaikum 'yan'uwa. Masu Land Cruiser 75 da 79 da 105 sun matsa kwanakin nan, kowa so yake a ɗora masa turbo, na'urar da hayaƙi ke juyawa tana tura ƙarin iska cikin inji, a kan 1HZ, injin Toyota mai shan gas (dizal). Ni matsayata ɗaya ce: wanda ya yi haka ya rage wa injinsa kwana. Injin nan ya fito a 1990, silinda shida a jere, lita 4.2, bawul 12, ƙarfin doki wajen 129. Matsinsa ya kai 22.4, kuma nozul ɗinsa ba kan fistin yake fesawa ba, cikin wani ɗan kofi yake fesawa a kan inji, can wutar ke fara kamawa. Da Toyota ta so mai turbo sai ta yi 1HD-T: ta saukar da matsi zuwa 18.6, ta sauya fistin, ta mai da feshin kai tsaye. In da ɗaura turbo kawai ya isa, me zai sa su sha wannan wahalar?

Alhaji Bashir, Gadarif: Wa alaikumus salam Usta. Ban ƙi bayaninka ba, amma ka dubi aikin da motocin nan suke yi. A loda wa 79 buhunan dawa ko riɗi ta shiga laka da damina, ko ta hau Agaba, hawan dutsen nan na gabashin Sudan, daga Sawakin zuwa Sinkat da kaya. Direba zai danne totur har ƙasa a giya biyu, hayaƙi baƙi ƙirin na bin sa. Wannan ma ai cin inji ne, kuma babu turbo a wurin.

Malam Idrisu, Maiurno: Alhaji ya taɓo wurin. Usta, da girmanka, abin da ke fasa fistin gas ne da ya fi iska yawa, shi ke kawo zafin. Turbo iska yake ƙarawa. In ka ɗora shi ka bar famfon gas yadda yake, zafin hayaƙi sauka ma yake yi, domin gas ɗin ya samu iskar da zai ƙone da ita. Ɓarnar tana zuwa ne lokacin da mai mota ya ce bai ji ƙarfi ba, yaron gareji ya kama sukurun gas na bayan famfo ya murɗa rabin zagaye da ka. Daga nan mota ta fara tashi kamar ta fetur, mai ita na murna, fistin kuwa na dahuwa. Gorar ruwa zalla tana narkewa a wajen digiri 660, irin wadda ake fistin da ita kuwa ƙasa da haka ma take narkewa. Shi ya sa duk mai son turbo dole ya sa agogon zafin hayaƙi. In an huda bututun hayaƙi an sa shi kafin turbo, kada a bari ya zauna sama da 700. In bayan turbo ne, 550 ce iyaka. Iska kuma a tsaya tsakanin psi 7 da 9 a agogon matsin iska.

Usta Haruna, Kasala: Malam Idrisu, lissafinka daidai ne a takarda. To wa zai kalli agogon? Motocin nan yawancinsu ba masu su ke tuƙa su ba. Direban da ke kai ruwa da gas wa masu haƙar zinari a bayan Abu Hamad, cikin rairayi, rana ta haura digiri 45, ba zai ɗaga ƙafa don allura ta kai 700 ba, tsoronsa kada mota ta nutse. Allurar zafin ruwa kuma ba ta ganin wannan zafin, tana nan tsakiya lafiya lau har fistin ya tsage. In aka buɗe irin wannan inji ga abin da ake gani: tsaga ta ratsa kan fistin, kofunan kan inji sun yi tsattsage daga bakin rami, wani ma ya saki ya fara bugun fistin. Kafin nan alamar ita ce, ka cire murfin zuba baƙin mai yana aiki, ka ga yana huci kamar tukunya.

Usman, Bur Sudan: Baba Haruna, a nan ina bayanka, musamman kan sababbin. Injinan 1HZ na ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama fistin ɗinsu ya fi na farko sirantaka a ka, su suka fi saurin tsagewa. Ga kuma giya. 78 da 79 da 105 masu 1HZ akwatin R151F gare su, bai kai H55F na tsohuwar 75 juriya ba. Ƙarfin juyi na asali Nm 285 ne. In ka ƙara, kuloci zai fara zamewa, giya biyar kuma ta fara kuka in ana jan kaya da ita.

Malam Idrisu, Maiurno: Na yarda da batun fistin da giya, Usman. Amma ku lura, rabin motocin da ake kawowa wai ba su da ƙarfi gyara suke nema. A auna matsin silinda tukuna: lafiyayye yana ba da kilo 37 a kan kowace murabba'in santimita ko fiye, in ya sauka ƙasa da 27 inji ya gaji, turbo zai ƙarasa shi ne. A cire nozul a gwada, sabo yana buɗewa tsakanin kilo 145 da 155, feshin ya fita kamar hazo, ba ɗiga. Nozul mai ɗiga shi kaɗai yana iya huda fistin ko babu turbo. A duba tazarar bawul inji na sanyi: na shan iska 0.15 zuwa 0.25 na milimita, na hayaƙi 0.35 zuwa 0.45, da ƙwayar shim ake daidaitawa. In an yi waɗannan, da yawa za su fasa maganar turbo da kansu.

Sale, Atbara: Ku ƙara da ƙura, don ita ce babbar annobarmu. Turbo na zuƙar iska fiye da da, filta na saurin toshewa, kuma kowace mahaɗar roba da aka ƙara wata ƙofa ce. Kilif ɗaya ya saki a lokacin habub, wato guguwar ƙura, ringi ya tafi. Ka sa yatsa cikin bututun da ke bayan filta, in ka fito da gari-gari ja, ƙasa na shiga inji. Kuma a daina busa filta da iskar kwamfureso mai ƙarfi, yana yaga takardar ba a gani.

Alhaji Bashir, Gadarif: To Usta, wanda kayansa suka fi ƙarfin motar fa, ya zai yi?

Usta Haruna, Kasala: Ya rage kaya, Alhaji, ko ya nemi mai 1HD tun asali, ya sauya mata metal ɗin ƙasa in 1HD-T ce ta farko, don nan ne rauninta. 1HZ kuwa a ba shi haƙƙinsa: baƙin mai da filta duk kilomita 5,000, lita tara da wani abu zuwa sha ɗaya gwargwadon motar. Bel ɗin taimin da tayar da ke ɗame shi a kilomita 100,000, kada a jira 150,000 da ake ba na baya-bayan nan, zafinmu da ƙurarmu ba su bari. In ya tsinke bawul da fistin za su haɗu. Gas na durom kuma a bar shi ya kwanta, a tace, a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa ƙasan filta, domin ruwa ne ke cin famfon Denso ɗin nan.

Malam Idrisu, Maiurno: Duk wannan na sa hannu. Inda muka rabu, ni ina ganin mai motar da shi ke tuƙa abarsa zai iya ɗorawa: inji mai cikakken matsi, lagireto wankakke, kan fanka an sake masa man silikon yana kamawa, salansa mai faɗin inci 3, famfo a kai shi benci a sa masa na'urar da ke ƙara gas gwargwadon iska. Motar haya da ke hannun direbobi kuwa, ko ni ba zan ɗora mata ba.

Usman, Bur Sudan: Malam, wannan jerin naka a lissafa kuɗinsa a farashin kayan gyara na yanzu, har da kuloci. Ina jin ya kusa kuɗin injin 1HD na hannu. Wanda ke da farashin duka biyun a kasuwa ya kawo mana mu gwada.