Neman taimako kan ma'anar kalmar "hype" da yadda ake amfani da ita

Assalamu alaikum malamai da masana harshe. Ina fassara wani rahoton Turanci kan yadda kamfanonin fasaha ke tallata ƙirƙirarriyar basira, kuma kwana uku ke nan kalmar "hype" ta tsaya mini, domin ta fito sau da dama amma ba da ma'ana ɗaya ba.

Abin da na fahimta shi ne ana nufin tallar da aka matsa mata lamba har ta cika kunnen jama'a, kuma sau da yawa mai faɗinta yana nuna cewa hajar ba ta kai yadda ake yayata ta ba. Na gwada "talla" na ga ta yi sanyi, tunda babu zargi a cikinta. "Zuzutawa" da "kambamawa" sun fi kusa, sai dai a kunnena sun fi karkata ga yabon da ya wuce kima, alhali "kururutawa" ta fi kamo yawan hayaniyar. Wacce ce ta fi dacewa a rubutun jarida?

Inda na fi rikicewa shi ne wata jimla da aka ce masu saye sun kasance "hyped", wadda a ganina ɗoki take nufi, ba zargi ba. Shin da me mai karatu yake gane lokacin da kalmar ke ɗauke da suka? Haka kuma, shin ya dace in kira "hype man" na mawaƙan zamani, wato mai raka mawaƙi a kan dandamali yana zuga 'yan kallo, da sunan sanƙira, ko hakan zai kawar da ma'anar? Na gode.