Wace hanya ce bincike ya tabbatar tana kare matasa daga shaye-shaye?

Malama daga Tawa:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a sakandare, kuma abin da ke damuna shi ne yadda tramol da sholisho suka shigo har cikin yara ƴan shekara 14. Mun yi wa'azi, mun nuna musu hotuna masu ban tsoro, amma ban ga canji ba. Shin masu binciken lafiyar al'umma sun gano abin da ke aiki?

Likita daga Yamai:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ƙa'idojin rigakafi da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013 sun nuna cewa tsoratarwa kaɗai ba ta hana yaro sha. Abin da ya fi tasiri shi ne koya masa yadda zai ƙi tayin abokansa, da horar da iyaye kan sa ido da sauraro. A ƙasar Aislan, matasa ƴan shekara 15 zuwa 16 da suka bugu da giya cikin wata guda sun ragu daga kashi 42 cikin ɗari a 1998 zuwa kashi 5 a 2016, bayan an yawaita wasanni, an kuma hana su yawon dare.

Dattijo daga Tawa:
Likita, na gamsu, sai dai a nan yaron da ke tura baro tun asuba yana shan tramol ne don ya jure gajiya, kuma a fada, wato majalisar hirar matasa, yake samunsa da araha. Ina ganin dole bincikenmu ya fara daga can.

Malama daga Tawa:
Gaskiya ne, Baba. Zan fara da taron iyaye a makon gobe.