Muhawara: wai kuɗi ne maganin ambaliya?

Kawu Ɗan Haɗejia: Salamu alaikum. Ni maganata ɗaya ce, ambaliya cutar talaka ce. Da muna da kuɗin Turawa, da tuni an ɗaure bakin kogi da siminti kowa ya huta.

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Kawu, a gafarce ni, ban yarda ba. A watan Yulin 2021 kogin Ahr na Jamus, ɗan ƙaramin kogi, ya ci mutum sama da 130 a dare guda. Masu hasashe sun ce ruwa na tafe, amma ba a kwashe mutane da wuri ba. Jamus fa, ba wani ƙauye ba.

Kawu Ɗan Haɗejia: Madalla. Bayan ruwan ya janye fa? Gwamnatinsu ta ware Yuro biliyan 30 don sake gina wuraren. Mu a 2022 an rasa sama da mutum 600, fiye da miliyan guda suka bar gidajensu. Je ka tambayi manomin Auyo a Jigawa abin da ya samu, in ya wuce tabarma da kwanon shinkafa ka dawo ka faɗa min.

Ɗan Yola: Ku bar zancen Jamus. Mu dai da an buɗe madatsar Lagdo a Kamaru, shi ke nan kogin Binuwai ya hau kanmu. Tun 1982 take nan, ita kuwa madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa don ta tare ruwan, har yau a baki take.

Injiniya: Yaya, Lagdo na da nata laifin, amma kogunan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a cikin Najeriya suke zuba a Binuwai. Wa zai rufe su? Kuma madatsa ba laya ba ce. Ta Alau ce ta ɓalle a watan Satumban 2024 ta shafe unguwannin Maiduguri, alhali an taɓa ganin irin haka a 1994.

Malama: Ku ba ni dama in sa baki. Bangaladash ba ƙasar masu kuɗi ba ce, ga kogunan Ganges da Brahmaputra da Meghna duk a kanta suke saukewa. A 1998 kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar ya nutse. Amma mutanen can sun san halin ruwansu. Sai sun tara ƙasa ta yi tudu sannan su ɗora gida. Suna da shinkafar da ke ƙara tsawo in ruwa na hawa, har lambu suke yi a kan tulin ciyawa mai yawo bisa ruwa. Wannan ai ba aikin biliyoyi ba ne.

Kawu Ɗan Haɗejia: 'Yata, dabarar talaka ce wannan, mu ma muna da tamu. Jinga muke yi da buhunan yashi, kowa da shebur. Amma tun da aka yi madatsun Tiga da Challawa ruwa ya daina ƙafewa da rani, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, sai ya bi gona. Da lauje za mu cire ta?

Injiniya: To ga abin da nake son Kawu ya ji. Holan ta fi kowa iya jinga. Duk da haka a 1995 sai da suka kwashe mutum kusan 250,000 don tsoron kada jingar ta karye. Daga nan suka sauya shawara, suka ce a ba kogi fili. A birnin Nijmegen an ja jingar baya mita 350, aka haƙa wa kogin Waal wata hanya a gefe. Masu kuɗin ma matsawa suka yi.

Kawu Ɗan Haɗejia: Gidajen da ke wurin fa?

Injiniya: An tashe su, an biya diyya.

Kawu Ɗan Haɗejia: Alhamdulillahi, ka zagayo inda nake. Diyyar da ganye aka biya ta?

Malama: Kawu ya kama ka, Injiniya.

Injiniya: Ya kama rabi. Hana yanka filaye a kan hanyar ruwa ba ya buƙatar Yuro, kuma NIHSA, hukumar kula da yanayin ruwa ta Najeriya, na fitar da hasashen ambaliya duk shekara kafin damina.

Kawu Ɗan Haɗejia: Hasashen ya iso ni, a rediyo na ji. Gonata a fadama take, nan kakana ya noma, nan ne kawai shinkafa ke yi. Bana ma na zuba iri.