Yaya zan yi kowane uba ya faɗa shafin ɗansa in ya shiga sit?

dan_zengo:
Salamu alaikum ƴan uwa. Wata lakwal mai zaman kanta nan Zengo na haɗa wa sit da WordPress (manhajar gina sit), dirakta yana so iyaye su riƙa duba bilten ɗin yaransu ta waya ba sai sun zo ba. Na buɗe wa kowa kwant, to amma da mutum ya sa suna da kalmar sirri sai ya tsinci kansa cikin wp-admin, wato wurin da masu kula da sit ke aiki, jiya wani dattijo ya kira ni wai shi me zai yi da wannan baƙin allo. Ni so nike daga shiga ya faɗa kan sakamakon ɗansa kawai. Iyaye sun kai 200, shafi 200 zan yi ke nan?

mai_kwamfuta_birni:
Wa alaikumus salam. In ba ka son taɓa kod sa LoginWP, wata ƴar manhaja da ake ƙara wa WordPress, da can Peter's Login Redirect ake ce masa, kana zaɓen inda kowane rukuni ko kowane mutum zai faɗa. In kuma kana iya PHP, yaren kod na WordPress, akwai login_redirect mai zaɓen inda mutum zai faɗa bayan shiga, layi kaɗan ne cikin functions.php, sai dai ka sa shi a jigon ɗa (child theme, ƙaramin jigo mai gadon fasalin sit daga uban jigo) don in ka sabunta uban jigon duk aikinka ya tafi. Kuma ka fara duba $user ɗin, wato bayanin mai shiga, ba kuskure ba ne kafin ka tambayi rukuninsa.

hajiya_kod:
Ƙanena, tsaya tukuna, kar ka yi shafi 200 wallahi wahala za ka saya wa kanka. Kuma turawa ba kulli ba ne, hanya kawai ka nuna wa mutum, ƙofar sauran ɗakunan a buɗe take. Na taɓa gani da idona a wani sit na makaranta, adireshin ya ƙare da ?id=41, na goge na sa 42 sai ga bilten ɗin wata yarinya har da makin lissafinta 6 bisa 20, ka ga a garin nan da kowa ya san kowa kafin la'asar zancen ya kai Kasuwar Dole. Shafi ɗaya za ka yi, ka ce masa /bilten, ka tura kowa can, shi shafin ya tambayi get_current_user_id(), mai ba da lambar wanda ya shiga, wa ke ciki sannan ya ɗauko yaran da ke ɗaure da wannan lambar. Mai ƴaƴa huɗu a lakwal ɗin ya gan su jere. Kuma ka cire shafin daga kash, inda ake ajiye kwafin shafi don a sake miƙa shi da sauri, in ba haka ba abin da na farko ya gani shi za a miƙa wa na biyu.

dan_zengo:
Kai, na gode Hajiya, wallahi da id ɗin nike shirin yi. Na gwada yanzu amma wayata sai tsohon adireshi take kai ni ko na canza.

mai_kwamfuta_birni:
Ko lambar turawa 301 ka sa? Shi ƙaura ce ta dindindin, burauza tana riƙe shi ba ta sake tambayar saba. 302 ake so, ƙaura ta wucin gadi, wp_safe_redirect mai yin turawar ma shi yake bayarwa in ba ka taɓa komai ba, kuma kar ka manta exit a bayansa. Goge kash na Chrome ka sake gwadawa.

dan_zengo:
301 ne kuwa, a wani bidiyo na kwafo. Bari wuta ta dawo in gyara, batirin ordinater ya kusa mutuwa.